Ma'aunin Zafin Inji a Goshin Mijina

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni aron Baban Khairi, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so. Na fita takaba, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gida ya yi shiru. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda jinyarsa ta kasance, don na san akwai gidaje da yawa a garin nan masu irin abin da ke gidanmu, kuma yadda muka yi amfani da shi haka suke yi.

Sunana Habiba. Ina koyarwa a wata firamare a cikin Bauchi, muna zaune a unguwar Jahun. Mijina, Tanimu, bakanike ne, garejinsa na bakin hanyar Jos kafin a kai Miri. 'Ya'yanmu biyu, Ummulkhairi da muke kira Khairi, da ƙaninta Nuhu.

Baban Khairi mutum ne da ba ya son aikin cinke. Idan aka kawo masa mota tana zafi, ba ya fara kwance-kwance sai ya san daga ina zafin yake. Wannan hali ne ya sa ya nemi ma'aunin nan mai kama da bindiga, wanda ake nuna wa abu daga nesa, jan ɗigo ya fito, lamba ta bayyana a bayansa. Maƙwabcinsa a wurin aiki, Oga Obinna mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya kawo masa iri uku ya zaɓa. Bai zaɓa a shago ba. Gida ya zo da su, ya mamaye mini madafa. Ya sa na tafasa ruwa a baƙar tukunya, ya aiki Khairi ta sayo ƙanƙara a maƙwabta, ya yi ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna kusan ɗari a tafasasshen ruwa, ya kuma sauka kusan sifili a ruwan ƙanƙara, shi ya ɗauka. Ruwan ɗorawa ne, da baƙar roba a hannunsa.

Ina tsaye da ludayi ina jira ya ba ni wuri, shi kuwa yana ta yi mini darasi. Wai sai an matso da shi kusa, don in ka yi nisa yana haɗawa da zafin abin da ke gefe. Wai ƙarfe mai ƙyalli yana ruɗa shi, sai an manna baƙin salatif a wurin a auna a kansa. Na ce masa ni dai miyata nake so in ɗora. Ya yi dariya ya kwashe kayansa.

A gareji abin ya yi masa rana. Da shi yake gane inda lagireto ya toshe, da birkin da ke kamawa. Har daga wasu garejin ake zuwa aro.

Lokacin korona, da aka fara tsayar da mutane a ƙofar banki ana nuna musu farin ma'auni a goshi, sai ya dawo gida yana cewa nasu wasan yara ne. Nasu bai wuce arba'in da wani abu, nasa kuwa yana kai ɗari biyar. Tun daga nan ya riƙa dawowa da shi gida a aljihun rigar aiki. Yara su jeru, ya ce su rufe ido saboda jan ɗigon, ya nuna wa kowa a goshi. Mu ga talatin da uku, talatin da huɗu. Abin da muka sani shi ne lafiyayyen mutum talatin da bakwai ne, in ya kai da takwas zazzaɓi ne. Duk abin da ke ƙasa da haka, a wurinmu lafiya ce har da ƙari. Ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa kullum muke ƙasa haka. Shekaru muka yi a kan wannan.

Ciwon ya fara masa ne a ƙarshen damina, daidai lokacin da aka koma makaranta. A satin farko ciwon kai ne da kasala. Mutumin da ke tashi da malmala biyu ya koma gutsurar rabi ya ture kwano. Da yamma in ya dawo sai ya kwanta a tabarma a tsakar gida, abin da ba ya yi. Na dafa goshinsa, na ji kamar na taɓa murfin tukunya.

Na ce, "Baban Khairi, jikinka da zafi."

Ya miƙa hannu ya zaro ma'aunin daga rigar aikinsa, ya juya shi ya nuna wa kansa, ya miƙo mini. Talatin da shida.

Ya ce, "Kin gani? Ko na lafiyayye ban kai ba. Hannunki ne, daga wanke-wanke kike."

Na goge hannuna a zani na sake taɓawa. Zafin na nan. Amma ga lamba a gabana, kuma da idona na ga ranar da aka gwada abin nan a tafasasshen ruwa. Na janye hannuna.

Ya biya kemis a hanyarsa ta zuwa aiki. Mai kemis ya tambaye shi ko akwai zazzaɓi, ya ce babu, ya auna. Aka ba shi farasitamol da maganin gajiya. In ya sha sai ya yi gumi, ya ji dama-dama, ya zauna a gaban fanka ya sake aunawa, lambar ta ƙara sauka. Sai ya tafi gareji. Ga kuɗin makarantar yara a gaba, ga motocin mutane a buɗe.

A sati na biyu sanyi ya fara kama shi da la'asar. Ana zafin da kowa ke neman inuwa, shi yana neman bargo. Ciki ya ɗaure masa, daga baya kuma ya ɓalle da gudawa. Leɓɓansa suka bushe, idanunsa suka faɗa. Ya daina zuwa gareji.

Nan 'yan uwa suka fara zuwa, kowa da nasa sanin. Mahaifiyarsa, Inna, ta taso daga Zungur da ƙullin saiwoyi da sassaƙe, ta ce ciwon shawara ne, haka ya yi wa mahaifinsa. Ta jiƙa, ta tace, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Wansa, Yaya Dauda, ya ce maleriya ce ta ɓoye a jiki, ya sayo ƙwayoyi na kwana uku. Wata maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce in bincika, garejinsa ya fi na kowa ciniki a layin, mutane ba su da kyau. Kowannensu da zuciya ɗaya ya zo, ban riƙe kowa ba. Duk abin da aka kawo ya sha, sai dai maganin da aka ce na karya sammu ne, wannan ya ce a mayar.

Ni asibiti nake ta faɗi. Wata rana da hantsi, na dawo daga makaranta da wuri don hankalina ya ƙi kwanciya, na same shi a zaune ya jingina da bango. Na zauna kusa da shi.

Na ce, "Don Allah ka tashi mu je a duba ka. Ba don ni ba, don yaran nan."

Ya ce, "Habiba, me zan ce musu? In ce ina da zazzaɓin da ma'auni bai gani ba?"

"Ka ce musu matarka ta taɓa ka ta ji zafi."

Ya yi ɗan murmushi. "Ranar da ya nuna talatin da takwas, da bakina zan ce ki tsayar da mai keke. Na yi miki alkawari."

Ya auna a gabana. Talatin da shida da ɗigo bakwai.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka mijina mai taurin kai ne. Ba haka yake ba. Mahaifinsa da ƙafarsa ya shiga asibiti, a makara aka fito da shi, kuma Baban Khairi ne ya yi jinyarsa yana saurayi. Tun daga nan ko dubiya ya je, a bakin ƙofa yake tsayawa. Yanzu da nake tunani, ina ganin ba yarda da ma'aunin kaɗai ba ce. Tsoro yake ji, lambar nan kuma ta ba shi abin riƙewa.

A sati na uku, wata safiya bayan yara sun tafi makaranta, na ji ya kira sunana da wata murya da ban san shi da ita ba. Na same shi a dunƙule, ya riƙe ciki. Na taɓa cikin, ya yi tauri kamar katako, ko zanin rufa ba ya so ya taɓa shi. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Na kira Yaya Dauda, wayarsa ba ta shiga. Ina neman mayafi in fita neman abin hawa sai ga sallama. Oga Obinna ne, ya ga gareji a rufe kwana da kwanaki, ya zo dubiya da ledar lemo.

Da ya leƙa ya gan shi, ya ajiye ledar a ƙasa. Da irin Hausarsa ya ce, "Madam, wannan ba na gida ba ne. Kawo hannu, mu ɗauka shi." Shi ya ɗauki kafaɗu, ni da wani maƙwabci muka kama ƙafafu, muka sa shi a bayan motarsa.

Asibitin gwamnati muka je. Ba zan faɗi sunansa ba, don a cikinsa na ga waɗanda zan yi wa addu'a har in mutu, na kuma ga abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Mutum na murƙususu a kan benci, aka ce sai an yanki kati. Layin kati ya kai bakin baranda, mai yankan kuma ya fita karyawa. Oga Obinna ya tsaya a layin, ni na riƙe kan mijina a cinyata. Gado babu. Rana ta take sosai kafin wata nas ta zo ta sa masa ɗan siririn ma'auni a hammata. Da ta zare ta duba, ta sake kallonsa, ta ce, "Saura kaɗan arba'in. Tun yaushe yake wannan zazzaɓin?"

A cikin wannan halin ya buɗe ido ya ce, "Ba daidai ba ne. Na auna da asuba."

Likitar da ke aiki ranar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ji abin da ya ce, ta tambaye ni da me yake aunawa. Ashe a ruɗewar fitowa na jefa ma'aunin a jakata tare da magungunan da yake sha. Na ciro na ba ta. Ta jujjuya shi, ta karanta abin da ke gefensa. Ta nuna wa goshinta, ta juyo mana da shi: talatin da uku da wani abu. Ta nuna wa nas ɗin, kusan haka. Sannan ta nuna wa Baban Khairi: talatin da bakwai.

Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa daidai kansa ta ce, "Malam, ma'auninka bai yi maka ƙarya ba. Zafin bayan fata yake faɗa, kamar yadda yake faɗin zafin bayan ƙarfe. Fatar goshi kuwa kullum ta fi cikin jiki sanyi, balle da gumi ko fanka. Ka ga ni lafiyata ƙalau, talatin da uku ya ba ni. Duk ranar da ya nuna maka talatin da shida, zazzaɓi ne mai ƙarfi a jikinka."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyar da kai wajen bango. Tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma na san ba na ciwon ciki ba ne.

Daga nan sai gudu. Gwajin jini a waje, don na ciki an ce kayan aiki sun ƙare. Hoton ciki a wani gini, a tura shi a keken marasa lafiya mai ƙafa ɗaya a karkace. Da yamma likitar ta kira ni da Yaya Dauda, wanda ya iso a lokacin. Ta ce taifot ne, ya daɗe yana cin sa, har hanji ya huje, ƙazanta ta zuba a cikin ciki. Sai tiyata, kuma da gaggawa. Wannan kalma, "hanji ya huje", har yau ina jin ta da muryarta.

Gaggawar ba ta zo da gaggawa ba. Aka miƙo mana jerin abin da za mu sayo, tun daga ruwan ƙari har zaren ɗinki da safar hannu. Aka ce sai an ajiye jini. Na Yaya Dauda bai dace ba, ni kuma aka ce nawa bai isa in bayar ba. Oga Obinna ya naɗe hannun riga ba tare da kowa ya roƙe shi ba, aka gwada, ya dace. Washegari ya zo da wani ɗan garinsu shi ma ya bayar. Babur ɗin Baban Khairi ya tafi a ranar, a farashin da mai saye ya ga dama, don ya ga idonmu. 'Yan kunnena na aure suka bi. Inna ta aika Zungur aka sayar da awakinta. Duk da haka sai da ya kwana ya wuni kafin aka shiga da shi, saboda akwai wasu a gabansa, ɗakin tiyatar kuma ɗaya ke aiki.

Ya fito da rai. Na yi sujada a barandar nan a gaban mutane, ban damu ba.

Sati na huɗu shi ne satin da na sa rai. Ga roba a hancinsa, ga wata a gefen ciki, ga ledar ruwa a rataye, amma idonsa ya dawo nasa. Ya fara roƙon kunun gyaɗa, aka ce ko ruwa ba yanzu ba, sai dai in jiƙa auduga in goga masa a leɓe. Ina kwana a tabarma a ƙarƙashin gadonsa, Inna na wuni, ƙanwata ta ɗauki yara. Na koyi juya shi ba tare da na taɓa ɗinkin ba. Na koyi gane nas mai sauƙin kai tun daga takunta. Akwai wata dattijuwa a cikinsu, 'yar Tafawa Ɓalewa, da ke kiransa "ɗana", in ta zo wanke ciwon tana yi tana ba shi labarin tsohuwar motar mijinta don ya manta da zafi. Akwai kuma wanda in ruwa ya ƙare ka je kiransa, sai ya gama abin da yake kallo a waya.

Wata rana da safe dattijuwar nan ta zo da farin ma'auni irin na goshi. Ya ce ta ba shi ya gani. Ya riƙe shi da hannun da ba allura, yana jujjuyawa kamar yadda yake yi wa kayan mota. Ya tambaye ta me ya sa nata ke faɗin daidai. Ta ce ita dai an ce musu an yi shi ne don jikin mutum, yana auna fata sannan ya yi lissafin na ciki. Ta nuna masa wani ɗan maɓalli a gefe, ta ce ko wannan in aka tura shi wajen hoton gida maimakon hoton mutum, shirme zai faɗa.

Ya gyaɗa kai. Bayan ta tafi ya ce mini, "Lissafi aka sa masa a ciki. Nawa ba shi da shi. Na gwada shi a ruwan zafi, na gwada shi a ƙanƙara, ban taɓa gwada shi da na hammata ba. Abu mai sauƙi."

Na ce ya bar wannan maganar, ya ji da samun sauƙi.

Ya ce, "A'a, ki saurara. Mutum nawa na ce wa su sayi irin nawa, har na ce yana yi wa yara? In Obinna ya zo ki ce ina nemansa."

Da Oga Obinna ya zo, ya sa shi ya yi alkawarin zai bi layin garejin nan shago-shago ya faɗa musu, kuma duk wanda ya zo saye a wurinsa ya gaya masa na inji ne, ba na mutum ba. Oga Obinna ya ce, "Ka warke, mu je tare, kai ne suna jin maganarka." Baban Khairi ya ce ya dai fara.

A ƙarshen satin zazzaɓin ya dawo. Ɗinkin ya fara fitar da ruwa mai wari. Aka canza allurai zuwa masu tsada, waɗanda sai an je wani kantin magani a GRA ake samu. Abokan aikina na makaranta suka yi karo-karo, mutanen masallacin unguwa suka kawo nasu, masu gareji suka aiko da nasu a ƙunshe a leda. Aka sake shiga da shi tiyata. Wannan karon da ya fito bai nemi kunu ba.

Inna ba ta so aikin farko ba, balle na biyu. Tana ganin yankan ne ya ƙarasa shi, ta kuma faɗa a gaban mutane. Na ji zafin maganar, na haɗiye. Amma wata rana da azahar muna zaune a ƙarƙashin bishiyar da masu jinya ke shanya, ta kama hannuna ta ce, "Habiba, ranar da na zo daga Zungur na dafa shi. Na ji zafin nan. Na haifi yaron nan, na san jikinsa. Ya nuna mini abin nan, na ce to, su ne masu ilimin zamani." Muka zauna muna kuka, ba mai rarrashin wani.

A sati na biyar fitsarinsa ya ragu, ledar da ke rataye a gefen gado ta koma wuni ba ta taru ba. Ƙafafunsa suka kumbura. Likita ta ce cutar ta shiga jini, ƙoda ta fara gazawa. Ta faɗa mini a tsaye a baranda, ba ta ɓoye mini komai ba, na kuma gode mata da hakan. Na tambaye ta abin da ke cina: da mun zo a satin farko fa? Ta ce, "Rai na Allah ne, Hajiya. Amma taifot a satin farko, yawanci ƙwayoyi ne mutum ya sha a gida." Ni na tambaya, ita kuma ta amsa.

Ya riƙa shiga yana fita. Wani lokaci ya yi ta maganar mota, yana cewa a kashe injin kada ya ƙone. Wani lokaci ya gane ni sarai. Ranar Alhamis na sa aka kawo yara. Khairi ta tsaya daga nesa, ta ƙi matsowa saboda robobin. Nuhu kuwa ya hau gefen gado ya ce, "Baba, yaushe za ka dawo?" Ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ka riƙa jin maganar Ummanka." Ya kalli Khairi ya ce ta matso, ba zai cije ta ba. Ta yi dariya tana hawaye, ta zo ta riƙe yatsansa.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a, ina goga masa audugar ruwa a leɓe, ya buɗe ido ya ce, "Habiba, hannunki ya fi ma'aunina." Na ce ya yi shiru ya huta. Yaya Dauda na gefe yana karanta masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi. Kafin la'asar ya cika. Aka kai shi kafin magariba.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka ba mai yawa ba ne, kuma ni ba likita ba ce, abin da na ji a bakin masu sani da wanda na gani nake faɗa. In mijinki ko ɗanki na da ma'aunin nan na wurin aiki, wanda lambarsa ke kai ɗaruruwa, mai jan ɗigo, to na wurin aiki ne. Komai tsadarsa, komai kyansa. Na Baban Khairi mai kyau ne, har yau Yaya Dauda ya ce ana aiki da shi a garejojin layin, bai taɓa kuskure a kan lagireto ba. Wanda zai saya don mota ko janareto, ya gwada shi yadda marigayi ya yi, ya matso kusa in zai auna, ya kula da ƙarfe mai ƙyalli. Amma kada ya shigo da shi ɗaki.

Na gida daban ne. A kantin magani ake sayensa, ba a shagon kayan mota ba, kuma za a ga an nuna a kwalinsa cewa na jikin mutum ne. In mai maɓalli biyu ne, a tabbata yana kan hoton mutum. A goge gumi kafin a auna, a bar wanda ya shigo daga rana ko ya tashi daga gaban fanka ya ɗan zauna. Ranar da aka saya, a gwada shi a kan mai lafiya tare da ɗan siririn nan na hammata, a ga ko bakinsu ya zo kusa. Na hammatar ma shi ya fi araha, kuma shi nas ta ɗauko ranar da abin ya zama na gaske. Bayan duk wannan, in kin taɓa mutumin da kika sani kin ji jikinsa ba daidai ba, kwana biyu, uku, ki kai shi a duba, ko da me lamba ta ce.

Ina godiya ga likitar nan da ba ta wulaƙanta mijina ba a lokacin da take da damar yi. Ina godiya ga dattijuwar nas, da Oga Obinna wanda jininsa ya shiga kabari tare da Baban Khairi, ya kuma cika alkawarin da ya ɗauka, shago-shago. Wanda ya bar mu a benci ya tafi karyawa, da wanda ya sayi babur a rabin kuɗinsa, na bar su da Allah, ban iya cewa na yafe ba tukuna.

Wayar Baban Khairi na hannuna, ban rufe layin ba. Cikin satin da ya wuce, ina shirin fita makaranta, ta yi ƙara. Wani mutum ne, da hayaniyar titi a bayansa. Ko sallamar kirki bai gama ba ya ce, "Malam Tanimu, ina Nabordo, mota ta tsaya mini da iyali a ciki. In kawo ta ko za ka turo?"

Na ce, "Matarsa ce. Allah ya yi masa rasuwa."

Ya yi salati a hankali. Ya ce shekara da shekaru ba wanda ke taɓa masa mota sai shi, kuma bai taɓa karɓar kuɗin abin da bai gyara ba. Ya yi masa addu'a mai tsawo, a tsaye a bakin hanya, ina jin yaransa na magana a cikin motar. Da ya gama ya ce, "To yanzu wa zan kira?"

Na ce masa ni ma ban sani ba.

Allah ya jiƙan Tanimu, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ya raya mini Khairi da Nuhu. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.